Kuɗin Lafiya na Gwamnati da Rabon Marasa Matsuguni a Ƙasar Funtua da Malumfashi

An shirya wannan darasi domin dagatai da masu unguwanni, da malaman tsangaya, da 'yan kwamitin mazaɓu, da ma'aikatan ɗakunan magani na kudancin Jihar Katsina. Gwamnati tana ware kuɗi kowace shekara domin a yi wa talaka magani kyauta, amma kuɗin nan suna bin sunan da aka rubuta ne, shi kuwa suna yawanci a ƙofar gida ake rubuta shi. Saboda haka wanda ba shi da gida yana iya rasa rabonsa, alhali kuwa ya fi kowa bukata. Abin da ake so a gane shi ne inda kuɗin suke fitowa, da hanyar da suke bi, da wurin da marar matsuguni yake faɗuwa a kan hanyar.

Su wane ne marasa matsuguni?

A ƙasar Hausa ta da, da wuya a ce mutum ya rasa wurin kwana. Baƙo in ya iso gari akwai zauren mai unguwa, falke yana da fatomansa, almajiri yana da malaminsa da uwar ɗakin da ke ajiye masa ɗumame. Shi ya sa har yau in an ce marar gida sai waɗansu su zaci maganar biranen Turai ake yi. Amma wanda ya zaga tashar mota ta Funtua bayan sallar lisha, ko ya leƙa rumfunan kasuwar Dandume lokacin kaka, ko kangayen da ke bayan gari, zai ga ba sai an ƙetare teku ba.

Da yawa daga cikinsu su ne waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu. Ƙananan hukumomi 11 ne a shiyyar Funtua, kuma na yammacinsu, watau Faskari da Sabuwa da Dandume da Kankara, sun daɗe cikin wannan masifa. An kai wa Kadisau ta ƙasar Faskari hari cikin watan Yuni na 2020, aka kashe mutane masu yawa. Cikin Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Kankara. Cikin Agusta na 2025 kuma aka buɗe wa masallata wuta lokacin sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Bayan irin wannan hari mata da yara sukan ɗauki abin da kai zai iya ɗauka su nufi gari mafi kusa. Waɗansu dangi sukan karɓe su, a cunkushe mutum goma a ɗaki ɗaya. Waɗansu kuwa sai ajin makarantar firamare, ko ginin da ba a gama ba. Mutanen nan manoma ne masu rumbuna, bara su ne ke ba da sadaka.

Sa'an nan akwai almajirai, waɗanda suna da malami amma sau da yawa makwancinsu zaure ne ko rumfar kara. Akwai 'yan ci-rani da 'yan ƙwadago da 'yan dako. Ƙasar Funtua ta saba da su tun zamanin da jirgin ƙasa na Zariya zuwa Ƙauran Namoda da injin gurzar auduga suka raya garin, suka kuma ƙaru bayan 1975, sa'ad da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, masara ta yawaita, kasuwannin hatsi suka cika. Waɗannan suna da gida, amma yana can nesa, ciwo kuwa a nan yake kama su. A ƙarshe akwai masu taɓin hankali da tsofaffin mabarata da ba su da kowa.

Cututtukansu ba baƙi ba ne. Zazzaɓin cizon sauro da damina, domin ba inda za a ɗaura gidan sauro; ƙazwa da makero a inda ake kwana a cunkushe; tsargiya ga yaran da ke wanka a kududdufi; ciwon haƙarƙari da hunturu; sanƙarau da bazara; amai da gudawa a inda ba masai; tamowa ga yaran da aka raba iyayensu da gona. Kusan dukansu ƙaramin ɗakin magani yana iya maganinsu da kuɗi kaɗan, in an zo da wuri.

Inda kuɗin suke fitowa

A shekarar 2014 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 11 na dokar ya kafa wani asusu domin kiwon lafiya na matakin farko, wanda ma'aikata suke kira BHCPF a taƙaice. Dokar ta ce kowace shekara Gwamnatin Tarayya za ta zuba a cikinsa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 ba na dunƙulallen asusun kuɗin shigarta, ban da gudummawar da za a samu daga waje. An yi shekaru ba a zuba kome ba. Sai a kasafin 2018 aka fara saka masa kuɗi, naira biliyan 55 da 'yan kai, aka soma raba wa jihohi a 2019.

Dokar ta raba kuɗin kashi uku. Rabi, watau kashi 50, na biya wa talakawa kuɗin inshorar lafiya ne. Kashi 45 na ɗakunan magani ne su da kansu: 20 domin magunguna da allurar rigakafi da kayan aiki na yau da kullum, 15 domin gyaran gini da kayan asibiti da sufuri, 10 domin ma'aikata. Kashi 5 da ya rage na taimakon gaggawa ne. Har wa yau dokar ta ɗora wa jiha da ƙaramar hukuma su kawo nasu kason, kashi 25 cikin 100, kafin su ci moriyar asusun.

A Jihar Katsina kashin inshora yana bi ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda aka kafa da dokar 2018 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Kashin ɗakunan magani kuwa yana bi ta hukumar kiwon lafiya ta matakin farko. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma manufar shirin ita ce kowace mazaɓa ta sami ɗakin magani guda mai aiki sosai. Ana tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun banki na ɗakin maganin kowane wata uku. Bisa ƙa'idojin 2020 kimanin naira 300,000 ne kowane zubi, daga baya aka yi ƙari. Ba a fid da kuɗin sai da hannun mutum biyu: jami'in da ke riƙe da ɗakin maganin, da shugaban kwamitin raya mazaɓa. A riƙe wannan, domin a nan ne mutanen gari suke da ta cewa.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta kafa asusu na musamman domin masu rauni. Ta lissafa su: yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da tsofaffi, da masu naƙasa a jiki ko a hankali, da matalauta. A lokacin an ce mutum miliyan 83 ake nufi a ƙasar baki ɗaya.

Mai karatu zai lura cewa a rabon nan ba wani kaso da aka ware da sunan marasa matsuguni. Amma ba a kore su ba. Macen da ta gudo da ciki, da tsohon da ke kwana a ƙofar masallaci, da mai taɓin hankali, kowannensu ya shiga lissafin ta ƙofa ɗaya ko biyu, dukansu kuma matalauta ne. Hakkinsu yana nan a rubuce. Wurin isar da shi ne ake samun cikas.

Yadda kuɗi suke bin suna

Kuɗin inshora ba a miƙa wa majinyaci a hannu. Ana rubuta sunan mutum, a ɗauki hotonsa, a haɗa shi da ɗakin magani guda, a ba shi kati. Daga nan kowane wata ana biyan ɗakin maganin wani abu a kan kowane suna da ke cikin littafinsa, ko mai sunan ya yi ciwo ko bai yi ba, sauran kuma a ajiye domin biyan babban asibiti in an tura shi can. Ƙa'idojin 2020 sun ƙiyasta naira 12,000 a kan kowane mutum a shekara. A ɗauki misalin tsangaya mai almajirai 60: in an rubuta su duka, naira 720,000 ke nan aka tanada domin lafiyarsu a shekara, a bisa wancan lissafi. In ba a rubuta su ba, ba a tanadi ko kwabo ba, kuma ranar da zazzaɓi ya kayar da ɗaya daga cikinsu, ma'aikacin ɗakin magani zai rubuta masa takarda ya ce a je kyamis a saya.

To, wa yake zaɓen sunayen? Guraben ba su kai yawan mabukata ba, don haka tilas a yi zaɓe. Babban abin da ake dogara da shi shi ne rajistar talakawa ta ƙasa, wadda aka soma tattarawa tun 2016. Hanyar tattara ta kuwa ita ce a tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi gidajen da suka fi kowa talauci a cikinsu, sa'an nan ma'aikata su bi gida gida su rubuta. Hanya ce mai kyau, ta fi a bar wa ɗan siyasa alƙalami. Amma tana da makanta guda: gidaje take ƙirgawa, kuma 'yan gari ne suke faɗar 'yan gari. Baƙon da ya zo watan jiya ba wanda zai ambace shi a taron. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Marar matsuguni kuwa ko murhun bai san inda yake ba.

A duba halin macen da ta gudo daga wani ƙauye na ƙasar Faskari ta sauka Funtua da 'ya'ya huɗu. Mai yiwuwa ne sunanta yana cikin rajista, har ma an haɗa ta da ɗakin maganin mazaɓarsu. Amma ɗakin maganin yana can inda ta baro, wata kila ma'aikatansa ma sun gudu, katinta kuma ya ƙone tare da ɗaki. Kuɗinta yana tafiya inda ba ta, ita kuwa tana zaune kusa da ɗakin maganin da bai san da ita ba. Wannan ba ya bukatar sabon kasafi. Abin da yake bukata shi ne a sauya mata ɗakin magani a cikin littafin hukuma, kuma ba za a sauya ba sai wani ya kai maganar.

Akwai kuma lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda yanzu ake nema wurin rajistar kusan kowane shirin Gwamnati. Yin ta kyauta ne a ƙa'ida. Amma yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba a yi masa sai da lambar mahaifi ko mariƙi, almajiri kuwa mahaifinsa yana iya kasancewa a ƙasar Zamfara ko ƙetaren iyaka wajen Maraɗi. An ga illar rashin rubuta yaran nan a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnonin Arewa suka yi ta mai da almajirai jihohinsu a cikin motoci, aka tarar sai an tambayi yaro da bakinsa kafin a san garinsu.

Ko ayyukan da ba a neman kati a cikinsu suna da irin wannan giɓi. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata wata da damina, wanda aka fara a Jihar Katsina a 2013, gida gida ake bi da shi, kuma na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Rabon gidan sauro ma da lissafin mutanen gida ake yinsa. Jaririn da ke kwana a ajin makaranta ya cancanta, amma aji ba ya cikin jerin gidajen da aka ba mai rabo, sai fa in mai unguwa ya nuna masa.

Magani ya taɓa bin mutane

Ba yau ne ƙasar nan ta fara fuskantar masu ciwo da ba su da mazauni ba. Kutare da yawa a da mabarata ne masu yawo gari gari. A shekarun 1930 aka kafa musu zango a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, amma zango ba ya ɗaukar sai kaɗan. A shekarun 1950, da aka sami ƙwayar dafson, Gwamnatin Jihar Arewa da En'e-En'e suka sauya dabara: maimakon a jira kuturu ya bar kome ya zo zango, sai aka buɗe wuraren shan magani a ƙauyuka, ma'aikaci ya zo ranar da aka sani, a kira suna, kowa ya haɗiye ƙwayarsa a gabansa. Dubban mutanen da ba za su taɓa zuwa zango ba ta haka suka sami magani. A shekarun 1970 kuma, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun zauna a Malumfashi suna binciken tsargiya da zazzaɓi da saran maciji, kuma ƙidayar mutanen ƙauyuka tana cikin aikinsu, domin ba a auna ciwo a cikin jama'ar da ba a san yawanta ba.

A Amurka an yi wa wannan matsala doka tata. A 1985 waɗansu gidauniyoyi biyu suka gwada kai magani ga masu kwana a titi a birane 19, da aka ga amfaninsa sai majalisar ƙasar ta ɗauki nauyinsa a dokar 1987. Daga baya aka ƙayyade cewa kusan kashi 9 cikin 100 na kuɗin da ake ba ƙananan cibiyoyin lafiya na jama'a na marasa gida ne, ba a taɓa shi domin wani abu. Masu karɓar kuɗin suna fita da mota su iske mutane a makwancinsu, ba sa jira sai an kawo adireshi. Arzikin Amurka ba ɗaya yake da na Katsina ba, amma abu biyu da suka yi ba na masu arziki kaɗai ba ne: ware kaso da suna, da fita neman majinyaci.

Abin da doka ta hana

Akwai wurin da ba a tambayar kati sam. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuwa ana iya cinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Wata doka ta 2017 ta tilasta a yi wa wanda aka harba magani nan take, ko da takardar 'yan sanda ko babu. Ya kamata kowane direba da kowane ɗan kabu-kabu da ke bin hanyoyin Faskari da Kankara ya san wannan, domin su ne suke fara ɗauko masu rauni zuwa babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, in ya gagara a wuce Shika.

Maganin tarin fuka da na kuturta su ma kyauta ne ga kowa. Sai dai tarin fuka wata 6 ake shan maganinsa ba fashi, ɗan ƙwadago kuwa wata 2 yake yi ya tashi. Wanda ya yanke magani a tsakiya yana iya mai da ciwon ya zama mai taurin kai, ya kuma kai shi garinsu. Saboda haka kafin ya tafi a rubuta masa takardar sauyi zuwa ɗakin magani mafi kusa da gidansa.

Aikin da ke gaban masu gari

Tun daga fadar Sarkin Maska a Funtua da ta Galadiman Katsina a Malumfashi har zuwa mai unguwa na ƙarshe, al'ada ce a san baƙon da ya kwana a gari. Abin da ake nema yanzu shi ne a mai da wannan sani rubutu. Mai unguwa ya ajiye littafi guda na baƙin da masifa ta kawo: suna, da garin da aka fito, da inda ake kwana, da masu ciki, da yawan yara ƙanana, da ko an taɓa ba su katin lafiya. Ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa kwamitin mazaɓa, kwamiti ya miƙa wa jami'in hukumar taimakekeniya da ke ƙaramar hukuma tun kafin a buɗe sabuwar rajista, ba ranar da aka rufe ba.

Malamin tsangaya shi ne mariƙin almajiransa, shi ya karɓe su amana daga hannun iyaye. In ya ce: "Ranka ya daɗe, ga yara 60 a hannuna, ga sunayensu da garuruwan iyayensu, ina roƙon a sa su cikin masu katin asibiti," ya yi abin da ba wani ma'aikaci da zai iya yi a madadinsa. Waɗansu malamai suna ɗari-ɗari da rubuta suna, suna tsoron kada a yi amfani da littafin a kwashe musu yara kamar yadda aka yi a 2020. Tsoron yana da dalili, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Sai a bayyana musu a gaban dagaci abin da za a yi da sunayen, a kuma cika alkawari.

Shugaban kwamitin mazaɓa, tun da sai da hannunsa ake fid da kuɗi, yana da ikon ya tambaya kafin ya sa hannu: a cikin shirin wata ukun nan, nawa aka ware domin fita? Kuɗin man babur da akwatin magani na rana ɗaya a mako bai taka kara ya karya ba, amma da shi ma'aikaci zai iya zuwa tsangaya wannan mako, makarantar da 'yan gudun hijira suke mako na gaba, kasuwa ranar cinta. Kwamiti kuma ya riƙa duba littafin masu kati, domin in an ga sunayen masu shago da iyalan ma'aikata a cikinsa, gurbin wani aka cinye. Inda guraben Gwamnati suka ƙare, attajiran hatsi da na auduga suna iya biya wa mutum kuɗin shekara a hukumar taimakekeniya. Fakiri da miskini da matafiyin da guzuri ya yanke masa duk suna cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, sai a tambayi malamai yadda ya dace a yi.

Masu taɓin hankali su ne aikinsu ya fi wuya, domin ba su iya tsayawa a ɗauki hoto, balle su faɗi suna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ɗauke su a matsayin majinyata masu hakki, ba masu laifi da za a sa wa mari ba. Asibitocinsu na musamman suna nesa, akwai na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano, kuma akan nemi wanda zai tsaya wa majinyaci. Inda ba dangi, ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ne ya kamata ya tsaya, mai unguwa kuma ya rubuta takardar shaida cewa a unguwarsa mutumin yake kwana, da tsawon lokacin da ya yi a wurin.